Alhaki da Firgici: Adabin Gotik na Amurka a Ma'aunin Labaran Ƙasar Zazzau

Gabatarwa

Manazarta adabin Turawa suna da wani rukuni na ƙagaggun labarai da suke kira Gotik. Labarai ne na tsohon gida mai duhu, da asirin da aka binne, da la'anar da ke bin zuriya, da mutumin da hankalinsa ke kwancewa sannu a hankali har ya kasa bambance abin da idonsa ya gani da abin da zuciyarsa ta raya masa. Duk wanda ya tashi a Nasarawan Doya, ko Gubuchi, ko Hunkuyi, ko Paki, idan aka yi masa wannan bayani zai ce ai kayan gida ne. Ya san kangon da yara ba sa ratsawa bayan magariba, ya san tsamiyar da aka ce kada a zauna a gindinta da tsakar rana, ya ji labarin maye da kurwa da sammu tun yana goye.

Sai dai kamannin kayan aiki ba shi ke nuna an ƙera abu ɗaya ba. Wannan nazari zai dubi abin da marubutan Amurka suka yi da tsoro, sannan ya auna shi da littattafai biyu na farkon ƙagaggun labaran Hausa waɗanda ke da jijiya a ƙasar Zazzau, wato Jiki Magayi da Shaihu Umar. Abin da nazarin ke son tabbatarwa shi ne, a ɓangarorin biyu, abin da ke riƙe da labarin firgici mai nauyi shi ne haƙƙin wani da aka ci ba a biya ba. Inda aka rabu shi ne wane ne ke zuwa karɓar bashin, kuma a hannun wa.

Yadda Gotik ya ƙetare teku

A Ingila aka haifi wannan salo. A 1764 Horace Walpole ya wallafa The Castle of Otranto, labarin wani basarake a Italiya da ke zaune a kan gadon da kakansa ya ƙwace, har abubuwan al'ajabi suka riƙa faɗo wa gidan. Ann Radcliffe ta biyo baya da The Mysteries of Udolpho a 1794. Waɗannan littattafai sun dogara ne da tsofaffin fadoji da gidajen ibada na Turai, masu ramuka a ƙarƙashin ƙasa da ɗakunan da aka daɗe ba a buɗe ba.

Amurka kuwa sabuwar ƙasa ce a lokacin, ba ta da irin waɗannan gine-gine. Don haka sai marubutanta suka nemi inda nasu duhun yake. Charles Brockden Brown ya fara a 1798 da Wieland, labarin magidancin da ya ji wata murya, ya ɗauka umarnin Ubangiji ne, ya hallaka matarsa da 'ya'yansa. A 1799 ya fitar da Edgar Huntly, inda ya mai da daji da koguna da artabu tsakanin Turawa 'yan ci-rani da 'yan asalin ƙasar su zama abin tsoron. Daga nan aka samu wurare uku da Gotik na Amurka ya kafa sansani: tsananin addini da ya wuce iyaka, da ƙasar da aka ƙwace daga masu ita, da bautar da baƙar fata.

Edgar Allan Poe, wanda ya rayu daga 1809 zuwa 1849, shi ya shigar da tsoron cikin ƙwaƙwalwa. A labarinsa The Fall of the House of Usher na 1839, wani mutum ya sa 'yar'uwarsa a makwanci alhali da sauran numfashinta, ta taso ta faɗa kansa suka mutu tare, gidan kakanninsu ya tsage ya nitse a tafki. A The Tell-Tale Heart na 1843, wanda ya yi kisa ne ke ba da labari, yana ta rantsuwa cewa lafiyarsa ƙalau, har bugun zuciyar da yake ji daga ƙarƙashin daɓe ya sa ya tona wa kansa asiri. Babu aljani ko ɗaya a nan. Mai laifin ne ya zama dodon kansa.

Nathaniel Hawthorne shi ne ya fi kusa da abin da ya shafe mu. An haife shi a garin Salem a 1804, kuma kakan kakansa John Hathorne yana cikin alƙalan shari'ar maita ta 1692, wadda aka rataye mutum 19, aka danne wani dattijo da duwatsu har ya cika. A littafinsa The House of the Seven Gables na 1851, wani mai ƙarfi, Kanar Pyncheon, ya yi kwaɗayin filin wani talaka mai suna Matthew Maule. Aka ɗora wa talakan maita aka kashe shi, Kanar ya gina katafaren gida a filin, ranar buɗe gidan aka tarar da shi matacce a kujera. Daga nan tsiya ta riƙa bin zuriyarsa ɗaya bayan ɗaya.

A kudancin Amurka, inda gonakin auduga suka ginu a kan bayi har zuwa 1865, William Faulkner ya rubuta Absalom, Absalom! a 1936. Thomas Sutpen ya ƙi ɗansa na fari saboda an ce uwar tana da jinin baƙar fata, ƙarshe ɗan'uwa ya kashe ɗan'uwa, gidan ya ƙone. Toni Morrison ta kai abin maƙura a 1987 da Beloved, wanda ta gina a kan abin da ya faru da gaske a 1856, lokacin da wata baiwa mai suna Margaret Garner ta gudu daga Kentucky, da aka cim mata ta kashe 'yarta don kada a mai da ita bauta. A littafin Morrison yarinyar ta dawo, da fari a matsayin fatalwar da ta addabi gida, daga baya a siffar budurwa mai neman uwa ta biya ta. A nan fatalwa ta zama hanyar faɗin abin da littattafan tarihi suka daɗe suna kewayewa.

Kayan tsoro a ƙasar Hausa

Bahaushe ya ce tsoro na daji, kunya na gida. Wannan karin magana ya zana taswirar tatsuniyoyinmu kusan gaba ɗaya. A cikin waɗanda Frank Edgar ya tattara tsakanin 1911 da 1913, da waɗanda Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar a jerin Tatsuniyoyi da Wasanni, Dodo yana bakin rafi ne ko cikin kurmi. Yarinya tana gamuwa da shi idan ta fita ɗiban ruwa, ko ta ƙi jin maganar iyaye, ko kishiyar uwa ta tura ta inda ba a zuwa. Ganuwa da ƙofar gari su ne iyaka. A ciki akwai mutane da doka, a waje akwai abin da ba a san kansa ba.

Bori ya ƙara wa wannan taswira tsari. Iskoki suna da birninsu, Jangare, suna da sarauta da dangantaka: Sarkin Aljan, da Ɗan Galadima mai caca da kyauta, da Sarkin Rafi, da Inna wadda ake kira Doguwa, mai shanye wa mutum ɓarin jiki. Tremearne ya rubuta a kansu a 1914, Joseph Greenberg ya yi nazarin Maguzawan ƙasar Kano a littafinsa na 1946. Abin lura shi ne ana iya sasantawa da waɗannan iskoki. Ana yi musu girka, a san abin da suke so, a ba su, a zauna lafiya. Tsoron da ke da farashi kuwa bai cika zama abin da ke cin zuciya tsawon littafi guda ba.

Musulunci ya zo da abubuwa biyu da suka raba mu da Gotik na Amurka tun daga tushe. Na farko, samuwar aljanu ba abin shakka ba ne, akwai sura guda a Alƙur'ani mai sunansu. Marubucin Amurka yana samun rabin ƙarfinsa ne daga barin mai karatu cikin ruɗu: shin fatalwa ce ko taɓin hankali? Mai karatu a Ikara ba ya tsayawa wannan tambaya, abin da zai tambaya shi ne wa ya turo, kuma me aka yi masa. Haka kuma aƙida ta nuna mamaci ba ya dawowa duniya, don haka abin da jama'a ke kira fatalwa malamai kan fassara shi da aljanin da ya ari kamannin mutum. Na biyu, Furitan, wato Kiristocin nan masu tsananin addini da Hawthorne ya fito cikinsu, sun yi imani da zunubin da ake gada tun daga Annabi Adamu, alhali Musulunci ya koyar da cewa babu ran da ke ɗaukar nauyin laifin wani. Ke nan marubucin Hausa da ke son nuna ɗa yana shan wuyar abin da uba ya shuka, dole ya nemi wata hanya.

Jiki Magayi: bashin da ɗa ya biya

A 1933 Hukumar Talifi da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai. Daga wannan yunƙuri aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Jiki Magayi wanda John Tafida, mutumin Wusasa, ya rubuta tare da East. A Ruwan Bagaja da Ganɗoki akwai aljanu, amma aljanun yawon buɗe ido ne da jarunta, ana karanta su da murmushi. Jiki Magayi ne ya shigo da duhun cikin gida.

Labarin yana faruwa a wani gari mai suna Galma, sunan kogin da ya ratsa ƙasar Zazzau. Malam Shehu attajiri ne da bai samu haihuwa ba. Duk da gargaɗin da ya zo masa ta mafarki, ya sa dukiyarsa ya raba Zainabu da Abubakar, saurayin da aka yi mata baiko da shi tun tana ƙarama. Abubakar ya bar gari yana neman abin da zai rama da shi, ya sha baƙar wahala a hanya, ya dawo da asirin da aka yi amfani da shi a kan jaririn da Zainabu ta haifa, wato Kyauta. Yaron ya tashi ɓarawo gagararre, ya zubar da mutuncin gidansu, har ya kashe mahaifinsa a wajen sata ba tare da ya san shi ba ne. Da ya gane tushen abin, ya tashi neman Abubakar don ya ɗauki fansa.

Idan aka jera wannan da littafin Hawthorne, ƙashin bayansu ɗaya ne. Mai ƙarfi ya ƙwace abin marar ƙarfi ta hanyar da shari'ar zahiri ba ta kama shi ba. Wanda aka zalunta bai da kotun da zai je, sai ya koma ga abin ɓoye. Sakamakon ya faɗa kan wanda ba a haifa ba lokacin da aka yi laifin. Abin da aka ƙwata kuma shi ne ya zama makamin halaka: gidan da Kanar ya gina shi ya ci zuriyarsa, ɗan da Malam Shehu ya nema ido rufe shi ya zama ajalinsa.

Bambancin yana wurin wanda ya ɗauki alhakin wahalar yaron. A wajen Hawthorne la'anar tana tafiya da kanta cikin jini, ba ta bukatar kowa ya tura ta. A Jiki Magayi sai da mutum ya tashi da ƙafarsa, ya shiga daji, ya nemo sammu, ya sa hannu ya lalata yaro marar laifi. Da haka labarin ya kauce wa cewa Allah ya kama ɗa da laifin uba, ya mai da abin laifi na biyu da wani ɗan Adam ya aikata. Shi ya sa Abubakar, wanda muka fara tausaya wa, bai tsira ba. Littafin Hawthorne ya ƙare da aure tsakanin jikokin gidajen biyu, wato sulhu. Na Tafida ya ƙare da gawa biyu da darasin cewa ramuwar da ta wuce gona da iri ita ma zalunci ce. Cyprian Ekwensi ya sake zuba wannan labari cikin Turanci a 1962 da sunan An African Night's Entertainment.

Shaihu Umar: bautar da ba ta zama fatalwa ba

Littafin Tafawa Ɓalewa ya taɓa ainihin abin da Faulkner da Morrison suka taɓa, kuma hanyarsa ta bi ta ƙasar Zazzau. Makau, mijin uwar Umar, 'yan'uwansa fadawa suka yi masa ƙulli bayan an dawo daga harin bayi, aka kore shi daga Kagara, ya samu mafaka a Makarfi. Uwar ta tafi Fatika ganin iyayenta kafin ta bi shi, a bayanta aka sace yaron. Daga hannu zuwa hannu Umar ya kai Kano, ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim wanda ya riƙe shi kamar ɗa, ya ƙetare Sahara da shi, ya ba shi ilimi. Uwar ta fita nemansa, ita ma aka mai da ita baiwa, ta sha azaba har Tarabulus, ba ta daɗe da ganin ɗanta ba ta rasu.

Kayan firgici sun cika wannan littafi: kura ta cinye wanda ya sace yaro, guguwar rairayi ta binne ayari, uwa tana tafe a ɗaure. Amma muryar da ke ba da labarin ta dattijon malami ce a zaune cikin almajiransa a Rauta, wanda ya riga ya karɓi komai a matsayin ƙaddara. Uwar Umar ba ta dawo ta tsaya a kan kowa ba. Babu gidan ubangijin bayi da ya tsage. Inda Morrison ta sa mamaciya ta zo neman haƙƙi a duniya, Ɓalewa ya bar hisabin ga Lahira, ya ba wanda ya rayu ilimi da haƙuri a matsayin mafita.

Wannan zaɓi yana da dalili a tarihi. Lokacin da aka rubuta littafin bauta ba ta gama mutuwa ba. Dokar Gwamna Lugga ta 'yanta yaran da aka haifa daga Afrilun 1901, amma sai a 1936 aka soke bauta baki ɗaya a Arewacin Nijeriya. Ƙasar Zazzau kuwa ta yi suna da rinji, wato ƙauyen bayi masu noma gandun ubangijinsu. Baba ta Karo, wadda ta girma a wajen Zarewa a kan iyakar Kano da Zazzau, ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a Giwa tsakanin 1949 da 1950, ta faɗi yadda rinjin gidansu yake, da yadda mahara ke kame mutane sai an kai fansa, da yadda bayi suka watse bayan zuwan Turawa. Ke nan masu karanta Shaihu Umar na farko sun haɗa da 'ya'yan iyayengiji da 'ya'yan dimajai, wato bayin da aka haifa a gida, a aji ɗaya. A irin wannan zama, rufin asiri ya fi tono amfani ga zaman lafiya, kuma al'ada ta riga ta mai da gorin asali babban abin kunya. Adamu Halilu ya mai da littafin fim a 1976, aka gyara shi aka nuna a bikin fina-finai na Balin a 2018.

Inda aka kwana a yau

Daga tsakiyar shekarun 1980, Adabin Kasuwar Kano ya buɗe ƙofa ga ɗaruruwan marubuta, yanzu kuma labarai sun koma WhatsApp da Wattpad da YouTube. Labaran ban tsoro suna da kasuwa a cikinsu: aljani ya auri budurwa, matsafa masu neman jini, ƙungiyar asiri, amaryar da aka kai gidan da ba a san tarihinsa ba. Akasarinsu suna bin tsohuwar taswira ce, sharri daga waje yake zuwa, malami ya yi ruƙiyya, a kore shi, gida ya koma yadda yake. Ba a cika tambayar ko gidan da kansa yana da abin da ya ci ba.

Abin mamaki, wadda ta yi wannan tambaya da ƙarfi ba ta bukaci aljani ba. A littafin Balaraba Ramat Yakubu na 1990, wanda ta raɗa wa suna da karin maganar nan ta alhaki kwikwiyo, Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta saboda sabuwar amarya, ƙarshe dukiyarsa ta ƙone, ya dawo yana neman wadda ya wulaƙanta. Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci, aka buga a Indiya a 2012. Tsarin labarin na Gotik ne ba tare da duhun dare ba: azzalumin yana cikin gida, kuma shi ne maigidan. A ɓangaren masu rubutu da Turanci, Abubakar Adam Ibrahim, a The Whispering Trees na 2012 da When We Were Fireflies na 2023, ya gwada sa matattu da abubuwan gaibu su ɗauki nauyin tashe-tashen hankulan Arewa.

Akwai kuma maita, wadda ita ce mahaɗar Salem da ƙauyukanmu kai tsaye. Har yau idan yaro ya kwanta ciwo yana sambatu ya ambaci sunan wani, akan taru a ce sai wanda aka ambata ya tsallaka yaron ya saki kurwarsa. Wanda ake nunawa da yatsa galibi tsohuwa ce marar gata, ko baƙo, ko wanda ake ganin asalinsa bai kai ba, kuma tabon yana bin 'ya'yansa har wajen neman aure. Hawthorne ya ga cewa abin tsoro a Salem taron masu zargi ne da wanda ya ci ribar zargin. Labaranmu na maita kuwa yawanci suna tsayawa ne tare da taron.

Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa adabin Hausa bai rasa abin da ake gina Gotik da shi ba, kuma tun a shekarun 1930 ya samar da nasa salon, wanda aƙida ta tsara masa iyaka: mamaci ba ya dawowa, zunubi ba ya gaduwa, amma haƙƙi ba ya faɗuwa ƙasa banza. Wannan iyaka ba ta rage wa marubuci komai, hasali ma tana tilasta masa ya nemo hannun ɗan Adam a bayan kowace masifa, kamar yadda Tafida ya yi. Abin da ya rage shi ne batutuwan da aka daɗe ana tsallakewa: gonar marayu da baffa ya haɗa da tasa, da filin da aka karɓe da sunan sarauta, da zuriyar rinji da har yanzu ake bincika asalinta a ɓoye kafin a ba ta aure, da tsohuwar da aka kora daga unguwa da sunan maita. Ƙagaggen labari yana da damar da tarihi ba shi da ita, domin yana iya faɗin laifi ba tare da kama sunan gidan kowa ba, ya tsare rufin asiri kuma ya faɗi gaskiya. Marubucin Makarfi ko Kudan ko Ikara da ke son rubuta abin da zai hana mai karatu barci ba ya bukatar aron fadojin Turai ko ƙirƙiro sabon dodo. Ya isa ya zauna da tsofaffin garinsu, ya tambayi yadda kowace babbar gona ta shigo hannun masu ita.